Bashin katin kiredit ya kai min wuya, don Allah ta yaya mutum ke kame hannunsa?

Baƙon_Ohio ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai dole ce ta sa, kuma tunda ba wanda ya san fuskata bari in faɗi komai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekarata shida a Columbus, jihar Ohio a Amurka. Ina aikin dare a wani sito, ranar Asabar da Lahadi kuma ina ɗan kai wa mutane odar abinci da motata, in an haɗa duka abin da ke shigowa hannuna a wata bai wuce dala 3,900 ba. Ina da mata da yara biyu a nan tare da ni. Da na zo, kowa ce min yake sai ka gina kiredit, wato tarihin cin bashi da biya a kan lokaci wanda da shi ake ba mutum maki, in ba haka ba ko gidan haya ba za ka samu mai kyau ba, to sai na buɗe irin katin nan da kake ajiye dala 300 su ba ka kati na dala 300. Shekara biyu ina biya tsaf ba fashi. Daga nan suka fara ɗaga min iyaka, wasu bankunan ma wasiƙa suke aiko min har gida wai an riga an amince da ni, ni kuwa ina jin kaina wai na zama mutum.

A 2022 na je gida, tikitin mu huɗu da tsaraba, wayoyi turaruka takalma agoguna, duk a kati. Na dawo ban gama farfaɗowa ba aka sa bikin ƙanwata ni na yi kayan ɗaki, sai ragon layya nan da can, sai Hajiyarmu ta kwanta asibiti. Yanzu kati uku ne a kaina, ɗaya 6,800 ɗaya 3,100 (na wani kanti ne da suka ce za su rage min kashi 20 in na buɗe a ranar) ɗayan kuma 1,400. Jimla 11,300. Bara war haka wajen dubu takwas ne. Duk wata ina biyan kusan 360 ban taɓa tsallake wata ba wlh, amma abin kamar ana ɗiban ruwa da kwando, kafin 20 ga wata kuɗin asusuna sun ƙare sai in koma kan katin in sha mai in yi cefane.

Uwargida ta san akwai bashi amma ba ta san ya kai haka ba. Mutanen gida kuwa a wurinsu ni ɗan Amurka ne shikenan.

Tambayata biyu ce. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan suka fita, me kuka yi kuka daina kai hannu kan katin? Sannan akwai masu kirana a waya kullum wai za su sa a yafe min rabin bashin, gaskiya ne ko 'yan damfara ne? Don Allah a taimaka min da shawara, wa'azi kam na yi wa kaina ya isa.

Maman_Biyu ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya yaye maka. Ni a Manchester nake, aikin kula da tsofaffi nake yi, kuma na sha irin wannan ruwan, nawa fam dubu bakwai da ɗoriya ne ya ɗauke ni shekara biyu da rabi kafin in ga bayansa.

Abin da ya farkar da ni wasiƙa ce. A nan Ingila tun 2018 hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta sa doka cewa in ka yi wata 18 abin da ka biya na ruwa da caji ya fi abin da ka rage a uwar kuɗin, dole banki ya rubuto maka ya gaya maka. Na buɗe wasiƙar ina tsaye a kicin sai da na nemi kujera. Ashe shekara ɗaya da rabi aiki nake yi musu.

Kai dai ka ce tikiti da biki da asibiti, na yarda, su suka haƙa ramin. Amma ba su ne suke ƙara masa zurfi yanzu ba, tunda bana ba ka je gida ba kuma ba ka aurar da kowa ba amma bashi ya ƙaru da dubu uku. Akwai wata ɓaraka da ba ka gani. Nima haka na riƙa cewa ai 'yan'uwa ne suka cinye ni, sai da na buga takardun banki na wata uku a firinta, na katin da na asusun albashi duka, na samo biro kala uku. Shuɗi abin da dole ne, haya wuta bas abinci. Baƙi abin da na tura gida. Ja kuma duk abin da in ban saya ba ba abin da zai same ni. Wlh kunya ta kama ni, takarda ta yi jajur. Less ɗin biki, mayafi, jaka, kayan yara da sun riga suna da irinsu, anko na mutanen da ko lambata ba su da ita sai ta gurup. Duk fam goma sha biyar ne, fam ashirin da biyu, ba wanda za ka tuna da shi bayan sati.

Abin da na yi, kuma shi ya yi min aiki ba wai a littafi na karanta ba: na cire katin daga wayata gaba ɗaya, Apple Pay da duk shagunan intanet da suka adana lambar, na goge manhajojin sayayya, na ba wata aminiyata katin kansa ta ajiye min a gidanta can Bolton. Kuɗin cefane kuma duk ranar Juma'a in ciro su tsaba in sa a ambulan, in sun ƙare ranar Laraba to taliya da manja za a ci zuwa Juma'a, ba wanda ya mutu. Ka san kati ba ya zafi, ɗan taɓawa ne ƙit ka wuce. Amma ka miƙa takardar hamsin a dawo maka da canjin bakwai, sai ka ji a ƙirjinka. Sai dokar kwana biyu, duk abin da raina ya biya in rubuta shi a takarda in bari sai jibi, yawanci jibin ma na manta me na gani a jikinsa.

Na kuma kira StepChange, ƙungiyar agaji ce a nan kyauta suke ba da shawara kan bashi, na san can wajenku ma akwai irinsu, masu zama can za su fi ni sani.

Amma fa abu na farko, yau ba gobe ba, ka zaunar da matarka ka nuna mata lambar nan. Ina gaya maka a matsayina na mace, ba bashin ne zai ɓata mata rai ba, ɓoyewar ce. Kuma ita ke riƙe da tukunya, ba yadda za a yi ka rage kashe kuɗi a gida ita tana zaton lafiya ƙalau ake.

Mai_Lissafi ya rubuta:

Malam sannu da ƙoƙari. Duk abin da Anti ta faɗa haka yake, ni bari in zo ta ɓangaren lissafi tunda shi nake ci da shi a nan Houston. Ba ka faɗi kuɗin ruwan kowane kati ba, amma zan yi kirdado da abin da aka saba gani, babban a ce kashi 25 a shekara, na kanti kashi 30 (katunan kanti kusan kullum su suka fi tsada, ragin kashi 20 ɗin nan na rana ɗaya tarko ne) ƙaramin kuma 21. Ka duba takardarka ka gyara.

In haka ne, ruwan babban a wata wajen dala 142 ne, na kanti 77, ƙaramin 25. Haɗa, 244. Kenan a cikin 360 ɗin da kake biya abin da ke taɓa ainihin bashin bai fi 116 ba, sauran ladan banki ne. Kai kuma kafin wata ya ƙare ka sake goga fiye da 116 ɗin. Shi ya sa kake ganin kamar aljanu ne, ba aljanu ba ne. Kuma da gangan aka tsara minimom ɗin haka, wato mafi ƙarancin abin da dole ka biya a wata, yawanci ruwan watan ne da kashi 1 na uwar kuɗi, don ka daɗe kana biya. Tun dokar katin kiredit da Obama ya sa wa hannu a 2009 dole ne kowace takardar wata ta zo da wani ɗan akwati da ke nuna shekara nawa za ka yi in minimom kawai kake biya, da nawa za ka riƙa biya in kana so ka gama a wata 36. Je ka duba na babban katin naka, za ka ga shekaru sun haura goma sha biyar. Yawancinmu ba ma karanta wurin.

To ga inda daɗin yake. In ka daina gogawa kwata-kwata, ka tsaya a kan 360 ɗin nan ko da sun rage maka minimom, wajen shekara huɗu da rabi ka gama. In ka kai shi 600 a wata, shekara biyu ne. In 800 ne wata goma sha bakwai. Dubi tazarar da 240 kacal ta kawo.

Wanne za ka fara kashewa? Biya minimom na duka ukun kar ka kuskura ka tsallake, sbd in ka yi latti da kwana 30 suna kai rahoto Experian da Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kuma tabon yana zama shekara bakwai. Duk rarar da ta saura ka zuba wa kati ɗaya. A lissafi na kantin ne ya kamata, shi ya fi cin ruwa. Wasu kuma sun fi son su fara da mafi ƙanƙanta don su ga sun kashe ɗaya su samu ƙarfin gwiwa. A naka bambancin ba wani mai yawa ba ne, in ka san kai mai saurin karaya ne fara da na 1,400 ɗin ba laifi.

Abu ɗaya da nake so ka duba da kyau: da wane kati kake tura kuɗi gida? Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ba su san cewa in ka tura kuɗi da katin kiredit, banki na iya ɗaukarsa kamar ka ciri tsabar kuɗi ne a ATM. Wannan kuwa cajinsa daban, sau da yawa kashi 5 nan take, ruwansa ya fi na sayayya, kuma daga ranar yake fara hawa ba a ɗaga maka ƙafa ko na kwana ɗaya. Ka tura wa ƙaninka 200 kana jin ka yi zumunci, banki ma ya samu rabonsa.

Masu kiranka a waya kuma, ka yi hankali. Yadda suke aiki shi ne su ce ka daina biyan banki ka riƙa tara kuɗin a wani asusu, sai bashin ya ruɓe sannan su je ciniki. Kafin nan makinka na kiredit ya faɗi ƙasa warwas, caji ya taru, banki na iya kai ka kotu, kuma ba dole ne ya yarda da cinikin ba. In ma an yafe, abin da aka yafe daga dala 600 zuwa sama ana kai rahotonsa hukumar haraji ta IRS, kana iya biyan haraji a kai. Duk wanda ya nemi ka biya shi kafin ya yi aikin, kashe wayarka, tun 2010 hukumar FTC mai kare masu saye ta hana masu tallar sasanta bashi ta waya karɓar kuɗi kafin su sasanta bashin. In taimako kake so nemi masu ba da shawara da ke ƙarƙashin NFCC, gamayyar ƙungiyoyin ba da shawara kan bashi, ba don riba suke yi ba, suna iya sa a rage maka ruwa a haɗa maka biya ɗaya na shekara uku zuwa biyar, sai dai za a rufe katunan.

Kafin nan ma ɗauki waya ka kira lambar da ke bayan katin ka ce kana cikin matsi kana so a rage ruwa, suna da tsarin masu matsi amma ba sa tallarsa. Iyakaci su ce a'a.

Batun sabon kati mai ruwa sifili na wata goma sha biyar ko sha takwas da ake mayar da tsohon bashi kansa, yana da amfani, cajinsa kashi 3 zuwa 5 ne. Amma ban ba ka shawara yanzu ba. Na ga mutum ya mayar da bashi, tsohon katin ya zama fanko, wata shida ya sake cika shi, ya tashi da biyu. Toshe ɓarakar tukuna. Kuma kar ka ji kamar kai kaɗai ne, a 2023 bashin katin kiredit na Amurkawa gaba ɗaya ya haura dala tiriliyan 1, 'yan ƙasa ma da aka haifa cikin tsarin yana kayar da su.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Toh ni dai ina Kano ban taɓa riƙe katin kiredit ba, ATM ɗina ma sai ya ga dama yake aiki hhh. Amma na ga ana ta zancen mutanen gida mutanen gida, bari in kare mu kaɗan.

Yaya, wa ya gaya mana? Ku ne fa kuke zuwa da akwati shida, ku ɗauki hoto jikin mota a dusar ƙanƙara ku sa a sitatus, ranar biki ku yi liƙi da dala. Mu kuma muna nan muna buga lissafi, tun da aka saki naira a watan Yuni 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da sittin ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar cikin wata takwas, sai mutum ya ga ai dala ɗari a wurinka kamar kuɗin shayi ne, a wurinsa kuwa ya fi albashin wata. Ba wanda ya san hayarka ta wata ta isa hayar shekara a nan har da canji. Ina da ɗan'uwa a Kanada shekara takwas muna damunsa, wlh sai da matarsa ta yi suɓutar baki a waya muka san bashi yake ci yana turo mana. Mahaifiyarmu kwana ta yi tana kuka, ta ce da ta sani da ko sisi ba za ta karɓa ba, wai ashe da kuɗin ruwa ake sayo mata magani.

Ka kira Hajiya ka gaya mata gaskiya, ba sai ka faɗi adadi ba. Ka yanka mata abin da za ka iya duk wata, rana ɗaya tsayayya. Sauran 'yan a taimaka da na data, waya ta faɗa ruwa, za a biya kuɗin fom, ka ce babu. Za su yi gunaguni, wasu su ce ka canza, ba komai. Mu ma nan akwai masu cewa babu kuma ana gaisawa da su.

Kuma kar ku ɗauka mu mun tsira, namu manhajojin bashi ne na waya, ka ci dubu ashirin sati biyu su fara tura wa duk lambobin wayarka saƙo wai kai ɓarawo ne. Naku ma da mutunci, wasiƙa ake aikowa.

Dattijon_Bronx ya rubuta:

Salamu alaikum. Yaro na, ka ce ba ka son wa'azi, to ba zan yi ba, amma ni tsoho ne sai na faɗi guda ɗaya. Ni mutumin Zongo ne daga Kumasi, shekara ashirin da shida ina tuƙin tasi a New York, na ga zuwan mutane na ga komawarsu, wasu a kujera wasu a akwati. Abin da ke ba ni tsoro ba makin kiredit ba ne. An kawo gawa gaban Manzon Allah SAW ya tambaya ko akwai bashi a kansa aka ce akwai, ya ce ku sallaci ɗan'uwanku, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a wuyansa. Wannan bashi ne na halal ma, ina ga wanda riba ke hawa kansa kullum rana. Ka buɗe ƙarshen Baƙara ka karanta da kanka.

Na san malamai sun yi magana, akwai masu cewa in kana biya duka kafin ranar da ruwa zai hau to da sauƙi saboda lalurar ƙasar nan, akwai masu cewa sa hannun ma bai halatta ba. Amma kai yanzu ka wuce wannan gardama, ruwa kake biya 244 duk wata inji mai lissafi. Ni shawarata almakashi. Yanka su uku, ka kira ka ce a rufe. Mai lissafi zai ce maki zai sauka, to ya sauka, maki ba ya shiga kabari.

Mu da muka zo lokacin ba mai ba mu kati, susu muke yi, ku kuna cewa adashe. Mutum goma, kowa ɗari biyu a sati, duk sati mutum ɗaya ya kwashe dubu biyu. Da shi na sayi motata ta farko, da shi na kai tsohuwata Makka, ba a ƙara min ko sisin kwabo ba. Columbus akwai jama'armu da yawa, akwai masallatai. Nemi mutanen kirki ka shiga, ka roƙi a ba ka kwasar farko ko ta biyu ka kashe katin kantin nan gaba ɗaya, sai ka ci gaba da zubi ba ruwa. Ko ka samu mutum ɗaya mai hali ka gaya masa gaskiya ya ranta maka, a rubuta a sa shaidu. Kunyar minti goma ce.

Sannan tafiya gida, ka jinkirta. Ni sai da na yi shekara tara ban je ba, kuma da na je akwati biyu na riƙe. Wanda ke son ganinka zai gan ka ko da leda ka zo.

Mai_Lissafi ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba, almakashin ma na goyi baya. Rufe asusun ne kawai nake cewa a dakata. Kashi 30 na makin kiredit na FICO yana kan yawan bashin da ke kanka, musamman in an gwada shi da iyakar da aka ba ka, in ya rufe duka yau ga bashi ga ba iyaka, makin zai sauka, kuma a Ohio kamfanin inshorar mota da mai gidan haya duk suna dubawa, wato zai iya ƙara masa tsadar rayuwa daidai lokacin da yake neman rara. Ya yanka robar, ya kulle katin a manhajar banki, in ya gama biya sai ya rufe na kantin ya bar tsohon guda ɗaya a aljihun tebur.

Adashe kuma dabara ce mai kyau in da amana, amma a yi daidai ƙarfi. Ɗari biyu a sati 800 ne a wata, mutumin da kuɗinsa ke ƙarewa ran 20 ba zai iya ba, kar ya gudu daga banki ya faɗa jin kunyar mutanen masallaci. Sannan ya fara ajiye ko 500 a gefe, don ranar da taya ta fashe kar a koma neman katin da aka yanka. Kuɗin harajin da ake dawowa da su wajen Fabrairu ko Maris kuma, da yara biyu zai samu abin kirki, kar ya taɓa hannunsa, kai tsaye kan bashi.

Baƙon_Ohio ya rubuta:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ku yi haƙuri kwana tara ban dawo ba, aikin da Anti Maman_Biyu ta ba ni nake yi.

Anti kin gama da ni wlh. Na buga takardun na wata uku na zauna da biro kala uku bayan na dawo aiki da asuba. Ni da nake ta ɗora wa mutanen gida, abin da nake turawa in an raba bai wuce 300 a wata ba. Abincin waje kuwa, ni kaɗai ba da iyali ba, 310. Kofi da ɗan abin taɓawa a gidan mai kafin in shiga aiki, shawarma in na fito, ranar da nake kai wa mutane oda ƙamshi ya dame ni nima in yi wa kaina oda, wato ina kai abinci in samu dala bakwai in ci na sha takwas. Sai rajistar wata-wata 74, a ciki har da wurin motsa jiki da rabona da shi tun azumin bara da wata tashar ƙwallo da na buɗe don wasa ɗaya. Sai sayayyar intanet wajen 190, yawanci tsakanin ƙarfe biyu da uku na dare lokacin hutu a wurin aiki, wasu ma na raba biya huɗu ne da Klarna shi ya sa ban taɓa jin nauyinsu ba. Da na haɗa komai sai na ga duk wata ina kashe wajen 380 sama da abin da nake samu. Ga dubu ukun da suka ƙaru nan, ba wani asiri.

Malam Mai_Lissafi ka canka, sau biyar na tura kuɗi gida da katin kuma duk biyar ɗin sun caje ni a matsayin cirar tsaba, ban taɓa lura ba. Ruwan ma kusan yadda ka faɗa ne, na kantin 29.99. Na kira duka ukun, babban sun yarda su rage min ruwa na wata goma sha biyu da sharaɗin za a dakatar da katin, na ce ai dama. Na kantin sun ce ba su da abin da za su yi min. To shi zan fara kashewa ko don haushi.

Uwargida kuma... hmm. Na nuna mata. Ta yi shiru ta tashi ta shiga ɗaki, ranar ko abinci a tebur na tarar ba ta ce min ci kanka ba. Washegari ta fito da wani littafi ashe ita ma tana rubuta cefanenta tun tuni, ta ce daga yau ita za ta riƙe ambulan ɗin, kuma kullum da kula zan tafi aiki da fulas ɗin shayi. Katunan suna wurinta, Baba ban yanka ba tukuna amma ban san inda ta ɓoye su ba, kusan duk ɗaya ne. Adashen ma na yi wa wani bawan Allah magana a masallaci, akwai na ɗari a sati biyu da za a fara bayan sallah, zan gani.

Lissafin da muka yi: abincin waje ya koma 60, rajista 20, sayayyar dare babu, gida 200 na Hajiya kaɗai ranar 5 ga wata. In mun riƙe haka giɓin ya toshe har a samu rarar 210, a haɗa da 360 ya zama 570. Saura 30 in kai 600 ɗin, zan ƙara awa biyu ranar Lahadi.

Na kira Hajiya kamar yadda Ɗan_Fagge ya ce, ita ko a jikinta, cewa ta yi dama tana mamakin inda nake samu, ta yi min addu'a ta ce in rage nata ma na ce a'a. Matsalar yanzu ɗan baffana ne, jiya ya turo min hoton waya a WhatsApp wai in taho masa da ita ko in turo kuɗinta, shi ya kai ni filin jirgi lokacin da zan taho kuma a ɗakinsa na zauna wata uku a Abuja ina jiran biza. Na rubuta amsa na goge ya fi sau biyar, har yanzu ban tura ba.

Ɗan_Fagge ya rubuta:

Yaya kar ka rubuta, rubutu sai ya yi ta juya shi yana nuna wa mutane. Kira shi da murya, ku gaisa sosai ka tambayi iyali, sannan ka ce wlh ɗan'uwa bashi ne a kaina bana ba zan iya ba, in na sauke kai ne na farko. Zai ce ba komai da sanyin murya, zai yi sati biyu ba ya duba sitatus ɗinka. Wace waya ce ma? Turo min sunanta in leƙa kasuwar waya ta Farm Centre gobe, ƙila akwai ta hannu da shi da kansa zai iya saya.